Sugin da Aka Harba da Zinariya

“Kwando ɗaya,” in ji Malama Minagawa. Ta ɗaga kai tana duban sama har hularta ta kusa faɗuwa. “Ɗanyu nake so, Baba, tun ba su nuna ba. Kwando ɗaya ya ishe ni.”

Tomekichi, tsohon mai saran katako, ya zaro tawul daga wuyansa ya share fuska, ya ninke shi, ya mayar. Duk wanda ya taɓa sayar da katako ya san shiru ma ciniki ne. Suna tsaye ne a gindin Dattijuwa, babbar bishiyar sugi ta bayan ɗakin bautar ƙauyen Kamiori, wadda ƙarti shida in sun kama hannu ba su kewaye ta. Ba wanda ya san shekarunta. Ta daɗe da daina 'ya'ya, sai a wannan shekara aka wayi gari ƙwallaye kore sun cika rassanta na can ƙoli, labari ya kai har cibiyar binciken itatuwa ta birni, ga malama ta zo da mota da wani ƙato mai igiyoyin hawa.

“Cibiya za ta biya,” in ji ta.

“Ta biya wa? Dattijuwa ba ta zuwa kasuwa.” Ya dafa ɓawon bishiyar. “Me za ki yi da su ɗanyu? Ko biri ba ya taɓa su.”

“A cikin kowace ƙwaya akwai ɗan tayi da bai gama zama komai ba. Shi nake nema. In ya nuna ya taurare, ba ya jin magana.”

“Kamar mutum ke nan.”

“Kamar dattawan Kamiori,” in ji ta, ba ta ko yi murmushi ba.

Nan ta shiga ransa. Ya ce, “To ji nawa farashin, 'yata. Ki ɗebi kwandonki. Amma ki dawo mini da ɗa guda daga cikinsu, mai saiwa mai kai, wanda zan dasa a gefen uwarsa da hannuna.”

“Zai ɗauki shekaru, Baba.”

“Ita da ta ga kakan kakana yana rarrafe, shekarunki ne za su dame ta?”

Malama ta yi ɗan tunani, ta ce ta yarda. Za ta raba abin da ya tsiro gida biyu, rabi na aikinta, rabi ba za ta taɓa shi ba, daga nan nasa zai fito. Tomekichi ya ce ya sallama. Suka rusuna wa juna, ƙaton ya fara hawa.

Ba a kai ga girbin shinkafa ba guguwar teku ta hau tsaunuka. Da ta wuce, aka tarar da Dattijuwa kwance ta raba kwarin biyu, cikinta rami ne da mutum zai shiga a tsaye. Ƙwallayen da suka rage a kanta ba su nuna ba, suka bushe a banza. Tomekichi ya yanko rassa daga ƙolinta ya kafa a gona, amma tsohon itace ba ya son fitar da saiwa, 'yan kaɗan da suka kama kuma barewa ta bi ta cinye su da sanyi. Ƙauye ne da mafi ƙuruciya a cikinsa ya haura sittin, mutane ba su da aikin da ya wuce tuna baya. Ba a faɗa masa a ido ba, amma ya ji: wai ya sayar da 'ya'yan Dattijuwa ɗanyu, ta yi fushi ta kwanta. In ya shiga taron dattawa hira takan canza hanya. Kututturen ya zauna tsirara shekara da shekaru, ba igiyar tsarki, ba magaji.

Kamiori ba ta da malamin bauta tun tuni. Gida-gida ake karɓar riƙon ɗakin, shekara guda kowa, wanda abin ya zagayo kansa shi ke wanka da ruwan sanyi, shi ke zuba gishiri, shi kaɗai ke da ikon ɗaura igiya. Bishiyar da aka ɗaura wa ita kuwa ta zama mazaunin Uwar Dutse, abar bautarsu, ba mai sa mata ƙarfe. A shekarar da ya zagayo kan Tomekichi ne Malama ta bugo waya. Ta ce ya zo ya gani kafin watan uku ya ƙare. Bai tambaye ta komai ba. Ya shiga rumfa ya zaɓi karan shinkafa mafi tsawo, ya daka shi ya yi laushi, ya murɗa igiya ta hagu yadda ake yi wa abin bauta, daidai ƙugun ƙaramar bishiya.

“Gani ta ce,” in ji matarsa Fusae, tana dunƙula masa shinkafa da gishiri da safe. “Ba ta ce ɗauka ba.”

“Mutanen birni haka suke magana. Ba sa ƙarasa zance.”

“Kai ma ba ka ƙarasa ji. Cinikin biri a sama ka yi, tsoho, shekara nawa ina faɗa maka.”

“Shekara nawa ina ji.”

Ta ɗaure abincin a ƙyalle ta cusa masa a jaka kusa da igiyar da 'yar kwalbar giyar shinkafa. “In ka dawo hannu rabbana, ka biyo ta bayan gida. Ba ni da bakin da zan yi wa matar maƙwabcinmu Sakuji bayani.”

Bas ta gangara da shi kwari, jirgin ƙasa ya ɗauke shi daga nan. Lokacin furen sugi ne. Duk sanda iska ta bugi tsauni sai gari rawaya ya tashi kamar daji ya kama wuta. A cikin jirgi kowa ya rufe hanci da baki, idanu jajur, atishawa daga wannan kujera sai waccan. Tomekichi ya duba ta taga. Waɗancan layukan itatuwa da ke tsaye kamar sojoji, shi da tsararrakinsa suka goya su a baya suka hau da su, lokacin da hukuma ta ce ƙasa na bukatar katako. Yanzu katakon ba mai saye, garin furen kuma ya hana birni numfashi. Wata mata kusa da shi ta yi atishawa ta nemi gafara, ya ce mata ba komai, shi ya kamata ya nema. Ta dube shi kamar tsufa ya fara taɓa shi.

A cibiyar aka karɓi takalmansa aka ba shi silifa, aka sa masa farar riga da hular leda. Malama Minagawa ta fito da sauri. Furfura ta fara tsiro mata a gefen kai.

“Baba, ka sha hanya. Ba ka tsufa ba.”

“Ke kin tsufa. Ina yaron?”

“Zo in nuna maka yadda aka yi shi tukuna.”

Mai kanti in ya fara zagayawa da kai yana nuna maka kayan da ba ka tambaya ba, abin da ka zo saye ne babu, ko ya fashe. Tomekichi ya gane haka tun a bakin ƙofa. Amma ya bi ta, don ba a katse mai jin nauyi.

Ta kai shi wani ɗaki mai sanyi, ta ɗauko ɗan faifan gilashi mai murfi. A ciki, bisa wani abu kamar daskararren kunu, akwai ɗan tsibi fari mai danshi, kai ka ce shinkafa ce ta dahu ta caɓe.

“Wannan daji ne, Baba. Daga ƙwaya ɗaya ya tsiro. Kowane ɗigo da kake gani zai iya zama bishiya.”

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa murfin. Shi ya san bishiya daga iri, ya san ta daga reshe. Bai taɓa jin an ce ana ajiye daji a faranti ana ba shi sukari ba.

“Kuma ga bindigar.”

Ya yi zaton zai ga abu mai baki da gindi. Akwati ne na ƙarfe, bai fi tukunyar dafa shinkafa ta biki ba, da ƙofar gilashi mai kauri, da bututu da ya taho daga tulun gas.

“Na harbi aladen daji ya fi a ƙirga,” in ji shi. “Wannan ko kaza ba za ta razana ba. Ina harsashin?”

Ta ɗaga wata 'yar kwalba ƙarama kamar kan yatsa. A gindinta akwai ɗan laka mai ruwan ƙasa. “Zinariya ce. An niƙa ta har ta fi garin fure laushi, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya. A jikin kowace ƙwaya muna shafa saƙo, irin rubutun da ke cikin jinin kowane mai rai, wanda ke gaya masa abin da zai zama. Bangon itace yana da tauri, saƙon ba ya shiga da lallashi. Sai an harba.”

“Me ya sa zinariya? Ƙarfe ya yi muku arha?”

“Ba ta tsatsa, ba ta guba. Tana shiga ta zauna ba ta cuci kowa ba.”

“To ita kaɗai ce zinariyar da na ji an yi wa wannan shaida.”

Ta ɗiga lakar a kan wata 'yar leda, ta jira ta bushe, ta jera komai a cikin akwatin, faifan dajin a can ƙasa. Ta rufe, injin ya fara zuƙe iskar ciki yana gurnani. Ta nuna masa maɓalli ja. “Na wani itacen ne wannan, ba na Dattijuwa ba. Danna ka riƙe, maharbi.”

Ya danna. Allurar agogon gas ta yi ta hawa. Sai ya ji tas, kamar an fasa ɓawon gyaɗa a ɗaki na gaba. Shi ke nan. Ta buɗe ta fito da faifan, tsibin yana nan fari yadda yake.

“Na yi kuskure?”

“Ka samu. Dubbai ka harba yanzu. Mafi yawa zinariyar ta wuce su, wasu ta fasa su sun mutu. Kaɗan ne ta shiga ta tsaya daidai inda ake so, a tsakiyar tsakiya. A cikin kaɗan ɗin ma, ɗaya-ɗaya ne zai karɓi saƙon ya ɗinke shi a jikin nasa rubutun, ya riƙe har abada. Daga nan sai mu sa su a abinci mai ɗaci wanda ba mai rayuwa a kansa sai wanda ya karɓa. Wata da watanni kana kallo suna yin baƙi suna mutuwa. Ran nan sai ka ga ɗigo fari a cikin baƙin.”

“Me saƙon ke cewa?”

“Kada ka yi garin fure.”

Tomekichi ya tuna matar cikin jirgi. Ya dubi yatsansa da ya danna maɓallin. Shekara sittin yana sara, yana dasawa, yana daddatsa rassa, bai taɓa gaya wa bishiya abin da za ta zama ba. Roƙonta ake yi, a jira.

Ɗaki na gaba ba taga. Ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma, ta kashe fitila, ta ce ya sa ido. Da farko duhu kawai ya gani da inuwar girarsa. Ta murɗa wani abu. Sai ga shi.

Kore ne, amma ba koren ganye ba. Haske ne da kansa, ba fitilar da ke haska shi daga waje da ido zai gani. Wani dogon abu mai tsini kwance a cikin baƙin duhu, an gina shi da 'yan ɗakuna jere-jere kamar gari, kowane ɗaki da wutarsa a kunne, can wajen tsinin kuma sun cunkushe suna ƙyalli kamar ƙwarin nan masu wuta da dare sun taru a bakin rafi. Ya daina numfashi don kada ya hure shi.

“Kan saiwa ne,” muryarta ta zo daga duhu. “Na yanko shi da safe daga jikin ɗiyar Dattijuwa. Tare da saƙon muna haɗa wani, don mu gane wanda ya karɓa. An samo shi daga wata halittar teku mai kama da lema, wadda ke haske a ruwa.”

“Daga teku.”

“Daga teku, Baba.”

“Dattijuwa ba ta taɓa ganin teku ba.” Bai ɗaga ido daga madubin ba. “Kuma itacen ya gane maganar? Abin ruwa ya yi magana, itacen dutse ya ji?”

“Rubutun iri ɗaya ne. Nata, da na kifin, da naka.”

Ya daɗe a haka. Da ta kunna fitila sai ya zaro tawul ya goge ido, ya ce madubin nasu yana sa hawaye, ya kamata su gyara.

Ɗakin gilashin yana bayan gini, ƙofa biyu gare shi, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu. A tsakaninsu aka sake canza masa silifa. Ciki ɗumi, ga ƙanshin da ya sani tun yana goye. Teburan duk an kwashe su, sai tukwane wankakku a kife. A can ƙurya, cikin babbar tukunyar roba, bishiya ɗaya ce tsaye, ta kai masa kafaɗa.

Ba sai an gaya masa ba. Sugin kwarinsu ganyenta kan miƙe ne, na Dattijuwa kaɗai ke lanƙwasowa ciki kamar farcen kyanwa. Ya sa hannu ya shafa, ganyen ya kama masa yatsa yadda ya saba.

“Ina wadda ba a harba ba?” ya tambaya, bai juyo ba.

Malama ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba. “Funfuna ta shiga ɗakin da suke a shekara ta biyu. Ba ta bar ko ɗaya ba. Na yi ta sa ran zan sami wata hanya, shi ya sa ban faɗa maka ba. Wannan kaɗai ta rage daga jinin Dattijuwa, a duniya duka.”

“To ita zan ɗauka. Haskenta a ƙasa yake, wa zai tona?”

“Ba za ta fita ba, Baba. Doka ce, ba ta cibiya ba, ta ƙasa. Abin da aka sa wa saƙo ba ya ƙetare ƙofar nan da rai. Ko ganye ɗaya. Ko ƙasar tukunyar.”

“Sai ta zauna nan ke nan har ta fasa rufi.”

Malama ta dubi tukwanen da ke kife. “Aikin ya ƙare da wannan wata. An ba wani malami ɗakin nan. Sauran 'yan'uwanta na wasu itatuwa duk an gama da su. Na roƙa a bar ta ta ƙarshe don ka gan ta.”

A gefen ƙofa wani mutum mai kauri, ɗan kimanin hamsin, yana ɗaure buhuna. Ya gaishe da Tomekichi da ladabi, Malama ta ce Hiraide ke nan, shi ke kula da ɗakin. A bayansa akwai tukunyar ƙarfe mai murfi kamar na jirgin ruwa, a kan tebur kuma zarto da almakashin reshe.

“Ta tururi ce,” in ji Hiraide da ya ga inda tsohon ke kallo. “A yanka gunduwa-gunduwa, a sa a buhu, a dafa. Ba abin da ke tashi bayan nan.”

“Yaushe?”

“Da ka tafi, Baba. Ka yi haƙuri.”

Tomekichi ya gyaɗa kai. Bai yi gardama ba, don ya san doka ba a cinikinta da wanda ba shi ya kafa ta ba. Ya tsaya yana kallon ɗakin kamar baƙon da ya rasa abin cewa. A nan idonsa ya faɗa kan wani abu a ƙasa, bayan ƙafar tukunyar tururin, inda mai wucewa ba zai lura ba: ɗan faifan gilashi irin na dajin nan, an tsiba gishiri a ciki an yi masa tsini da yatsu, irin na tsarki da mutanen dutse ke ajiyewa inda ake ɗaukar rai.

“Kai ɗan ina ne, Hiraide?”

Ya faɗi sunan wani kwari a arewa.

“Masu gawayi.”

“Kakana ma shi ya yi.”

“Na ga alama.” Ya juya ga Malama. “'Yata, na ji doka, ba zan ja da ita ba. Alfarma ɗaya. Na taho da igiyar da zan ɗaura mata a gida. Tunda ba za ta je ba, a bar ni in ɗaura mata a nan, ta san an zo. Ko dokar ta hana shiga ma?”

“Ba ta hana ba. Sai dai kara daga gona yana iya zuwa da ƙwari. Dole a dafa shi tukuna.”

“A dafa.”

Hiraide ya karɓi igiyar da hannu biyu. Da ya ga murɗin hagu sai ya ɗan ja baya da kai, amma ya sa ta a tukunya ya ɗaure murfi. Suka fita baranda suna jira. Tomekichi ya kwance ƙyallen Fusae ya miƙa wa Malama dunƙulen shinkafa ɗaya. Fararen takardun da ya yanko daga gida ba za su jure tururi ba, sai ta kawo masa takardar tace ruwa ta ɗakin bincike, ya zauna yana yanka ta yana ninkewa tana saukowa kamar walƙiya.

“Baba,” in ji ta a hankali, tana kallon hannunsa. “Bana wa ke riƙon ɗakin bautarku?”

“Ni.”

Ta tauna shinkafarta. “Ka san abin da kake yi ke nan.”

“Ni tsoho ne ɗan ƙauye, sallama na zo yi. Ke da kika yi karatu, kin san abin da kike yi da kika ce a kunna tukunya?”

“Gishirin matarka ya yi daidai,” in ji ta.

Igiyar ta fito da zafi tana ƙanshin sabuwar tabarma. Ya wanke hannu da baki a famfon ɗakin. Ya zagaya da ita ƙugun bishiyar, ya ɗaure, ya soka takardun. Ya roƙi gishiri, Hiraide ya kawo nasa ba tare da ya tambayi yadda aka san yana da shi ba. Tomekichi ya watsa a kusurwa huɗu, ya tsiyaya giya a murfin kwalba ya ajiye a bakin tukunya. Ya rusuna, ya tafa hannu, ƙarar ta daki gilashi ta dawo. Sannan ya kira Uwar Dutse da kalmomin da ake kiranta da su a Kamiori, waɗanda shi kansa bai san ma'anar rabinsu ba. Ya gaya mata tsohon mazauninta ya faɗi, ga sabo, ƙarami ne kuma a baƙon wuri, ta yi haƙuri ta sauka.

Da ya fara, dabara ce yake yi, ya sani. Amma yana tsakiyar kiran sai injin iskar ɗakin ya tashi da kansa, takardun suka motsa, bishiyar ta kaɗa kai kaɗan. Ya tuna abin da ke kunne a cikin ƙasar tukunyar nan. Da ƙyar ya kai ƙarshe.

Ya juyo ya ga Hiraide ya cire hula.

“Na gama,” in ji Tomekichi. “Na gode. Ka yi aikinka, ɗana.”

Hiraide ya dubi zarton, ya dubi igiyar. “Malama,” in ji shi, “ni ba mai camfi ba ne, kin sani.”

“Na sani.”

“Amma a nemi wani.”

Aka kira shugaban sashen, dogon mutum mai tabarau da hancinsa ya yi ja don atishawa. Ya saurari bayani hannu a baya. Ya ce shi masanin kimiyya ne, yana girmama al'adun karkara ƙwarai, amma igiya kara ce, bishiya kuma kayan gwaji ce mai lamba.

“Gaskiyarka, ranka ya daɗe,” in ji Tomekichi. “Kara ce. Ni na murɗa ta.”

“To a kwance ta, a ci gaba.”

“Wanda ya ɗaura ba ya kwancewa, sai shekara ta zagayo a sa sabuwa. Amma wannan dokar ƙauye ce, ba ta hau kanka ba.” Ya ɗauko almakashin ya miƙa masa da hannu biyu, ta wajen mariƙi. “Ƙit ɗaya ne.”

Shugaban bai karɓa ba. Ya gyara tabarau. Ya tambayi Malama ko akwai wani a sashen da zai yi, ta ce za ta tambaya, amma matar wane tana da tsohon ciki, wane kuma ɗansa na jiran sakamakon jarrabawa. Shi kansa shugaban, an ce, an sa masa ranar aiki a asibiti cikin wata mai zuwa. Ya zagaya tukunyar sau ɗaya, nesa-nesa. Daga ƙarshe ya ce ba abin gaggawa ba ne, akwai ma amfani a ga yadda irin wannan bishiya za ta yi in ta manyanta, zai kai maganar gaban kwamiti. A ƙasar nan kuwa, abin da aka kai gaban kwamiti ya sami tsawon rai.

A tsakanin ƙofofin biyu Hiraide ya kakkaɓe wa Tomekichi riga, ya duba aljihunsa da naɗin wandonsa, ya tsinci ganye ɗaya da ya maƙale a hannun riga, ya nemi gafara ya jefa shi a buhu. Tsohon ya koma da jaka ba nauyi. Ta gaban gida ya shiga, da rana tsaka, matar Sakuji na kallo.

In za a yi lissafin wannan ciniki, Malama Minagawa ta ci riba: ta sami kwandonta, ta kuma sami bishiyar da take aunawa har yau, wadda ba ta taɓa fitar da garin fure ba. Malamin da aka yi wa alkawarin ɗakin ya yi asarar ƙurya guda, yana ta ƙorafi, amma an ce shi ma yakan sunkuyar da kai in zai wuce. Dattawan Kamiori sun sami dalilin ɗaukar hayar bas duk bazara, su sa hular leda su canza igiya, su ci abincin birni, sun kuma daina canza hira in Tomekichi ya shigo. Shi kuwa Tomekichi, da ake cewa ya yi wa masu ilimi wayo, shi ya yi asara: abin da ya nema shi ne ya dasa da hannunsa, bai dasa ba, gefen kututturen yana nan fili. Ita ɗiyar Dattijuwa ta tsira da ranta. Abin da ta biya shi ne dutsen. Ana ba ta ruwa da bututu safe da yamma, ruwan sama bai taɓa sauka a kanta ba.